Tarkacen Tohoku: lokacin da jihohin Japan suka yi gardama a kan sharar 'yan'uwansu

Da safiyar Alhamis, 3 ga Nuwamba 2011, wani jirgin ƙasa na dakon kaya ya shigo tashar kaya ta Tokyo ɗauke da 'yan kwantenoni. Abin da ke ciki bai wuce tan 30 ba: karyayyun katakai, tsummoki, robobi, guntayen tabarmi da katifu, duk daga garin Miyako na jihar Iwate, wanda igiyar tsunami ta watan Maris ta ragargaza. A wata rana ta daban ko ɗan dako ba zai ɗaga kai ya duba ba. Amma a ranar 'yan jarida sun yi cincirindo, ma'aikata na zagaya kowace kwantena da na'urar auna tururin nukiliya, a ofishin gwamnan Tokyo kuma waya ba ta daina ƙara ba. Koke-koken da suka shigo a kan wannan kaya sun kai wajen 3,000. Da aka tambayi gwamna Shintaro Ishihara me zai ce wa masu ƙorafi, sai ya ce a ce musu su yi shiru, ya wadatar.

Maganar ta yi kaushi, kuma ba ta kashe wutar ba. Shekara biyu da rabi aka kwashe ana ja-in-ja a kan tambaya ɗaya: wa zai karɓi sharar wa?

Tulin da ruwa ya bari

Girgizar ƙasar Juma'a, 11 ga Maris 2011, mai ƙarfin maki 9.0, ba ita ta yi mafi yawan ɓarnar ba. Igiyar tsunami da ta biyo bayanta ce ta share garuruwan gaɓar arewa maso gabashin Japan, yankin da ake kira Tohoku. Kusan mutum 15,900 suka rasu, sama da 2,500 ba a gan su ba har yau. Da ruwa ya janye, ya bar tarkace kimanin tan miliyan 20, ban da laka da yashin teku kimanin tan miliyan 11. In ka loda tan 20 a kowace tifa, tarkacen kaɗai zai ci tifa miliyan ɗaya.

A Japan kwashe shara aikin ƙaramar hukuma ne, ba na gwamnatin tsakiya ba. To ga ƙananan hukumomin da za su yi aikin su ma ruwa ya ci su. A garin Otsuchi na jihar Iwate magajin gari da ma'aikatansa da dama sun mutu a ranar. Ƙiyasin farko ya nuna abin da ya taru a Iwate ya kai sharar da jihar ke tarawa a shekara 11, na Miyagi kuma shekara 19. Birnin Ishinomaki na Miyagi shi kaɗai an ce nasa ya haura na shekara 100.

Kuma ba shara ce irin ta juji ba. Sharar tsunami cakuɗe take: katako da ƙarfe da kankare da ragar kamun kifi da firji da mota da magungunan gona da rufin asbestos, duk an dama su da laka mai gishiri. Gishirin nan babbar matsala ce, domin yana cin ƙarfen tanderun ƙona shara, yana kuma ɓata siminti idan aka zuba tarkacen a masana'anta. An tara kayan a filayen makarantu, filayen wasa da bakin tasoshin jiragen ruwa, tuli-tuli kamar duwatsu. Da zafi ya shigo, kifin da ya ruɓe a rumbunan sanyi ya haifar da ƙudaje, wari ya hana mutanen da ke zaune a gidajen wucin gadi sakat. Wasu tulin kuma suka riƙa kamawa da wuta da kansu saboda zafin ruɓewar da ke cikinsu. Bayan wannan duka, akwai abin da ba a auna shi da sikeli: mutum ya fito kullum ya tarar da gidansa da na maƙwabcinsa da ya rasu a jibge a gabansa.

A watan Mayun 2011 Ma'aikatar Muhalli ta sa wa'adi: a gama komai kafin ƙarshen Maris 2014. Gwamnatin tsakiya ta ɗauki kusan dukan kuɗin. Don a cika wa'adin, aka tsara gina tanderun wucin gadi a gaɓar, sannan a roƙi sauran jihohin ƙasar su karɓi wani kaso na tarkacen Iwate da Miyagi su ƙona a nasu tanderun. Na Fukushima ba ya cikin roƙon. Wannan a riƙe shi da kyau, domin rabin rigimar da ta biyo baya a kansa ta ginu.

Ba sabon abu ba ne. Bayan girgizar Kobe ta 1995, biranen Kawasaki da Yokohama sun karɓi tarkace ta jirgin ƙasa, ba wanda ya ɗaga murya. Shi ya sa da ma'aikatar ta tambaya a watan Afrilun 2011, ƙananan hukumomi da ƙungiyoyinsu 572 suka ce a kawo. Da aka sake tambaya a watan Oktoba, 54 suka rage.

Abin da ya faru tsakanin Afrilu da Oktoba

Tashar nukiliya ta Fukushima Daiichi, wadda tsunamin ya lalata har gine-ginenta suka fashe, ita ce ta shiga tsakani. Sinadarin siziyom mai fitar da tururin nukiliya da ya fita daga cikinta iska ta watsa shi nesa, ba bisa iyakar jiha ba. A watan Yuni aka auna tokar wani tanderun ƙona shara a unguwar Edogawa, cikin Tokyo kanta, aka samu bekarel 9,740 a kowane kilo (bekarel shi ne ma'aunin ƙarfin tururin nukiliya). A watan Yuli aka gano naman shanun da suka ci gurɓatacciyar harawar shinkafa ya riga ya shiga kasuwanni. A watan Agusta masu shirya bikin kunna wuta a kan duwatsun Kyoto suka fasa, don tsoron siziyom, amfani da itacen da aka kawo daga Rikuzentakata na jihar Iwate, wanda mutanen garin suka rubuta saƙonni ga mamatansu a jikinsa. Aka yi ta sukarsu, aka kawo wani itacen, sai kuma aka samu siziyom a ɓawonsa. Kowane ɓangare ya samu hujjar da zai riƙe.

Sai maganar alƙaluma. Tun kafin haɗarin, doka ta ce abin da ya fito daga tashar nukiliya sai siziyom ɗinsa bai wuce bekarel 100 a kilo ba za a ɗauke shi kamar kowane kaya. Bayan haɗarin, gwamnati ta ce tokar da ba ta wuce bekarel 8,000 a kilo ba ana iya binne ta a jujin gwamnati na yau da kullum. A wurin masana, alƙaluman biyu ba abu ɗaya suke aunawa ba: na farko na kayan da za a sake sarrafawa su shiga hannun kowa ne, na biyu na tokar da za a rufe da ƙasa a wurin da ake tsaro. Wannan bayani gaskiya ne. Amma uwa mai goyo da ke Osaka abin da ta ji shi ne an ninka mizani sau 80 rana tsaka, kuma wanda ya ninka shi ne wanda ya shekara da shekaru yana cewa tashoshin nukiliya ba za su taɓa fashewa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Akwai kuma wani abu da masu adawa suka faɗa daidai. Wuta ba ta cin siziyom, tattara shi take yi. Ma'aikatar da kanta ta lissafa cewa a tanderu na gama-gari yana ninkuwa kusan sau 33 a cikin tokar da matatar hayaƙi ke kamawa, shi ya sa ta ce tarkacen da za a ƙona kada ya wuce bekarel 240 zuwa 480, gwargwadon irin tanderun. Ta kuma ce matatun na kama kashi 99.9 cikin ɗari. Inda masu adawar suka kauce shi ne taswira. Miyako na da nisan kusan kilomita 260 daga tashar da ta fashe, Tokyo kuwa ba ta kai haka ba. Wato mai karɓar shara ya fi mai aikowa kusa da inda abin ya faru. Amma ga wanda ke kudu, Tohoku duk Fukushima ce.

Tokyo ba da zafin bakin gwamnanta ta yi aikin ba. Da awo ta yi shi. A Miyako ana auna iskar filin da ake tankaɗe tarkacen, a ɗebi samfur a sa a akwatin dalma a auna shi shi kaɗai, a rufe kwantena a sake auna gefunanta, sannan mota ta kai ta Morioka a ɗora a jirgi. Sakamakon kuma ana wallafa shi kowa ya gani. Wani abin da ya ba mutane haushi, kuma ban ga laifinsu ba, shi ne kamfanin da ya samu aikin ƙona kason farko na rukunin TEPCO ne, mai tashar da ta jawo fitinar. Duk da haka Tokyo ta ci gaba, ta ƙara da tarkacen Onagawa da wasu garuruwa, ta ƙare da kusan tan 168,000. Alkawarin farko tan 500,000 ne.

Shimada da Kitakyushu

Shimada ƙaramin birni ne a jihar Shizuoka, arzikinsa ganyen shayi. Magajin garin, Katsuro Sakurai, ya tsaya kai da fata sai birninsa ya karɓi guntayen katako daga garuruwan Yamada da Otsuchi na Iwate. Manoman shayi kuwa ba siziyom kaɗai suke tsoro ba, suna suke tsoro: ko da awo ya nuna babu komai, in aka ce shayin Shimada daga garin da ake ƙona tarkace yake, ciniki ya mutu. Japanawa na da kalma ta musamman ga irin wannan asara ta jita-jita, kuma a shekarun nan ba kalmar da ta fi ta yawo. A watan Fabrairun 2012 aka yi gwajin ƙona tan 10, haɗe da sharar gidajen garin. Tokar ta nuna bekarel 64 a kilo. Hukuma ta ɗebo tokar ta ajiye inda jama'a za su zo su kanga na'ura da hannunsu. Gani ya kori ji, wasu sun gamsu. Wasu masu filin jujin da ake binne tokar ba su gamsu ba, suka shiga takun saƙa da hukumar. A zaɓen 2013 Sakurai ya sha ƙasa.

A watan Maris 2012, daidai lokacin da bala'in ya cika shekara, tarkacen da aka gama da shi kimanin kashi 6 cikin ɗari ne kawai. Firaminista Yoshihiko Noda ya aika wa gwamnoni da manyan birane takardar roƙo a hukumance. Ministan muhalli Goshi Hosono ya fita kan titi da lasifika, a gaban tashar jirgin Kyoto ihu ya hana a ji shi. Kalmar da aka zaɓa ta shekarar 2011 a Japan ita ce kizuna, wato zumunta, kuma da ita aka riƙa yi wa masu ƙin karɓa gori. A ganina wannan kuskure ne. Mutumin da ke tambayar me zai shiga huhun ɗansa, in ka amsa masa da cewa ba shi da zumunci, ka ƙara masa zargi ne kawai. Jihar Tokushima ta ƙi, ta kafa hujja da tsohon mizanin bekarel 100. Magajin garin Sapporo ya ƙi. A Niigata abin ya fi ban mamaki: biranen Sanjo, Kashiwazaki da Nagaoka sun karɓa, gwamnan jiharsu Hirohiko Izumida na sukarsu a bainar jama'a.

Kitakyushu ce ta fi kowa nisa cikin waɗanda suka amsa, sama da kilomita 1,000 daga Ishinomaki. Birni ne na masana'antar ƙarfe wanda a shekarun 1960 hayaƙi da dagwalo suka lalata har ana kiran mashigin ruwansa na Dokai tekun mutuwa, kuma ƙungiyoyin matan garin ne suka tilasta aka gyara. Wannan tarihi kowa ya ja shi gefensa. Hukuma ta ce mu da muka san dabarun shara, in ba mu taimaka ba wa zai yi? Masu adawa suka ce mu da muka sha wuyar gurɓata, a sake kawo mana wata?

Ranar 22 ga Mayu 2012 manyan motoci suka iso da tan 80 na gwaji. Masu zanga-zanga suka tare ƙofar wurin ajiya, wasu suka zauna a gaban tayoyi. Motocin suka yi sa'o'i a tsaye, direbobin da suka kwana a hanya na zaune a ciki suna kallo, har 'yan sanda suka kama mutum biyu aka buɗe hanya. Cikin masu adawar har da iyayen da suka baro yankin Tokyo da 'ya'yansu suka koma kudu don gudun siziyom, sai ga shi a ganinsu ya biyo su a mota. Aka ƙona kayan, kashi ɗaya tarkace kashi tara sharar gari, awo bai nuna wani abin tashin hankali ba. Magajin gari Kenji Kitahashi ya yi ta zaman bayani da jama'a, daga watan Satumba kaya suka fara zuwa ta jirgin ruwa. Zuwa Maris 2013 an tsaya, an ƙona kusan tan 23,000. Ba don masu adawa sun yi nasara aka tsaya ba. Miyagi ce ta ce ta daina buƙata.

Lissafin da ya riƙa raguwa

Nan ne gizo ke saƙa. Da farko an ce tan miliyan 4 ake so sauran jihohi su karɓa. A watan Mayun 2012 aka sake lissafi ya koma miliyan 2.47, a watan Agusta miliyan 1.69, a Janairun 2013 ya faɗo ƙasa da tan 700,000. Abin da aka kai waje a ƙarshe kimanin tan 620,000 ne, zuwa jihohi 18 cikin 47 na ƙasar.

Ba ƙarya aka shirya ba. Ƙiyasin farko daga taswirar inda ruwa ya kai da yawan gidaje aka yi shi, ba wanda ya ɗora tuli a sikeli. Daga baya aka gane cewa teku ta janye kimanin tan miliyan 5, wasu masu gidaje sun gyara maimakon rushewa, kuma cikin tulin ƙasa ta fi katako yawa. Amma a siyasance illar ɗaya ce. An sa magadan gari sun saka kujerarsu a caca, an raba kan unguwanni, a kan adadin da ya ninka na gaskiya sau shida. Osaka ta sha nata rikicin a zamanin magajin gari Toru Hashimoto, da kame-kame da tarukan da suka watse, ta shirya karɓar tan 36,000, ta ƙare da kusan 15,000. Sai kuma aka ji cewa birnin Sakai, maƙwabcin Osaka, ya samu yen biliyan 8.6 daga kuɗin sake gina yankin da bala'i ya shafa, don gyaran tanderunsa, alhali bai ƙona ko tsinke ɗaya na Tohoku ba. Tsarin tallafin ya ba da dama a biya wanda ya ce yana duba yiwuwar karɓa.

Ko a Tohoku ba baki ɗaya aka yi ba. Magajin garin Iwaizumi na Iwate ya ce bai ga dalilin gaggawa ba, a bar aikin a gida ya samar wa mutane abin yi. Na Rikuzentakata, Futoshi Toba, ya koka cewa ya nemi a gina tanderu a garinsa tun da wuri aka mayar da shi.

To wa ya kwashe sauran? Gaɓar ce da kanta. An gina tanderun wucin gadi 31 a Miyagi da Iwate, biyar daga ciki a tashar jiragen ruwa ta Ishinomaki. Masana'antar siminti ta Taiheiyo da ke Ofunato, wadda ita ma ruwa ya shiga, ta kafa wurin wanke gishiri ta riƙa haɗiye tarkace tana mayar da shi siminti. Sendai, babban birnin Miyagi, ta yi nata ita kaɗai, har ta karɓi na Ishinomaki. An niƙa kankare an cike ƙasar da ta nutse, a Iwanuma an gina tuddan tsira da shi. Sama da kashi 80 cikin ɗari na tarkacen an sake amfani da shi, laka kuwa kusan duka.

Garin da ya fi burge ni Higashimatsushima ne. Girgizar 2003 ta taɓa koya musu tsadar cakuɗaɗɗiyar shara, don haka tun daga wurin ɗauka suka raba kaya gida 14, abin da ya cakuɗe kuma aka baje shi a ƙasa aka tsince da hannu gida 19. Masu tsintar ɗaruruwan mutanen garin ne da suka rasa sana'a, masunta da manoma da matan aure, da safar hannu da takunkumi, suna tafe a jere a sunkuye. In aka ci karo da hoto, ko kundin hotuna, ko allon sunan mamaci da iyalai ke ajiyewa a gida, ba a jefa shi cikin kowane gida daga 19 ɗin. Gefe ake ajiye shi, a wanke, a kai inda masu shi za su zo nema.

Wannan ba ya nufin taimakon waje bai yi rana ba. Tan 620,000 kaɗan ne a cikin miliyoyi, amma ya zo lokacin da tanderun gaɓar ba su fara aiki ba, kuma ya ɗauke abubuwan da suka fi wuya, irin ragar kamun kifi mai dalma a jiki da tarkacen da ba ya ƙonuwa, wanda jujin gaɓar ba su da wurinsa. Kuma in ka duba wa ya fi ɗauka, ba biranen da suka cika jaridu ba ne. Yamagata, maƙwabciyar Miyagi, ta karɓi fiye da Tokyo, ta fara tun kafin Tokyo, ba tare da kyamarori ba. Aomori da Akita ma sun ɗauki nasu. Iwate da Miyagi sun cika wa'adin Maris 2014.

A 2015 aka gyara dokar shara da ta bala'o'i, aka kafa D.Waste-Net, wata haɗakar masana da kamfanoni da ake turawa da zarar abu ya faru, aka kuma raba ƙasar shiyya takwas, kowace da majalisar da ke tsara tun kafin bala'i wa zai karɓi na wa. An gwada tsarin bayan girgizar Kumamoto ta 2016. Bayan girgizar Noto ta 1 ga Janairu 2024, jiragen ruwa sun kai tarkace Niigata, kwantenoni sun sake hawa jirgin ƙasa zuwa Tokyo da kewaye, ba a ji hayaniyar 2012 ba. Sai dai a Noto babu siziyom.

Inda siziyom ɗin yake kuwa, maganar na nan. A garuruwan Okuma da Futaba, kewaye da tashar da ta fashe, an tara ƙasar da aka kankare daga gonaki da filayen makarantun Fukushima, kimanin kubik mita miliyan 14. Doka ta ce kafin Maris 2045 sai an fitar da ita daga jihar. An yi niyyar gwada amfani da kaɗan daga cikinta a Tokorozawa da lambun Shinjuku na Tokyo, mazauna suka ƙi, shirin ya tsaya. A watan Yulin 2025 aka kai kubik mita biyu harabar ofishin firaminista, aka rufe da wata ƙasar, aka dasa ciyawa a kai.